Nauyin da ke Bayan Mota

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, wani makanike yana ɗauke da matarsa a mota zuwa asibiti wankin ƙoda. Sau biyu a mako ake yi mata, kuma hanyar ɗaya ce, sai an hau wani dogon tudu. A tsakiyar tudun motar ta fara nauyi. Ya taka totur har ƙasa. Injin ya yi kuka, allurar gudun inji ta haura, amma motar sai rarrafe take kamar an ɗaure ta da igiya ta baya. Kafin su isa an riga an ba wani gadonta.

Abin ya yi masa ciwo biyu. Shekara ashirin yana gyaran giyar motoci masu canza giya da kansu, har mutane suna kiransa Mai Giya, matarsa kuma kullum sai ta gyara musu: "Ta mota fa, ba ta kwalba ba." Wannan motar ma shi ya tashe ta, bayan ta shekara bakwai a yashe a bayan gareji.

Washegari ya kwance ta. Ya zaro sandar gwajin man giya: ja garau, ba ƙauri, ba kumfa. Ya canza matatar man, ya duba fulogi, ya cika iskar taya, ya jona kwamfuta, ba ta nuna komai ba. Da hantsi motar ta hau tudun kamar tsuntsuwa. Da la'asar sakaliya, da ya ɗauko matar, sai ga bayan motar ya zauna, ƙarfe yana goga taya. Ya buɗe but. Babu komai sai jak da tsumma.

Ya roƙi motar maƙwabci. Ana kwantar da matar a ciki, ita ma wannan motar ta mutu a ƙofar gida. Tasi ma haka.

A magaribar ranar aka fara jifa. Duwatsu ƙanana suna faɗowa kan kwano ɗaya bayan ɗaya, da tazara, kamar mai jifan ba ya sauri. Ya fita, ba kowa a layin. Ya ɗauki dutse ɗaya, ya ji shi da ɗumi, da santsin mai.

Kwana tara ba wankin ƙoda. Ƙafafun matar suka kumbura har fatar tana sheƙi. Ba ta iya kwanciya, sai zaune da matasai uku a baya, numfashinta yana ƙara kamar ana tafasa ruwa. Makaniken ya daina zuwa gareji. Yana ƙarƙashin motar tun asuba, yana kwance abin da ya ɗaura jiya.

A rana ta tara, 'yarsu ɗaya tilo, mai koyon aikin jinya, ta fita kwashe shanya ba ta dawo ba. Ya same ta a kujerar bayan motar, ta rungume hannuwanta kamar mai goyo a ƙirji, tana jijjigawa.

"Mamana, me kike yi a nan?"

Ta ɗago. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Rufe ƙofar. Iska na taɓa shi."

Da gudu ya je ya kira malamin da ke karantar da manya a bayan kasuwa, wani tsoho mai ido ɗaya da ba ya ɗaga murya. Malamin ya yi alwala, ya sa aka buɗe ƙofofin motar huɗu, ya zauna a kan tabarma ya fara karatu. Jifan ya tsananta. Yarinyar ta yi ƙara, ta dafe kunnuwa, motar tana girgiza a kan tayoyinta. Bai tsaya ba sai da muryar ta ce ya isa.

"Wace ce ke? Me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Tambayi ubanta. Shekara bakwai muna cikin motar nan, ni da 'ya'yana goma sha ɗaya. Ya tashe ta, muka yi haƙuri, muka koma gindin bango. Sai ya juye man giya da zafinsa, da magariba, ya watsa a kan autana. Ko bisimilla bai yi ba."

Makaniken ya tuna. Sauri yake ranar, ya ɗauki farantin man ya watsar a bayan gareji ba tare da ya duba ba.

"Wallahi ban sani ba. Ban gan ku ba."

"Nawa yana kwance, fatarsa ta saɓule. Matarka ma ba za ta kai ga magani ba. Duk muka dawo ciki, mu ga yadda ƙarfe zai ja mu."

"Kuskure ya yi, ke kuwa da gangan kike yi," in ji malamin. "Ki fita, ko in ci gaba."

"A bar mini motar, da yarinyar ta riƙa yi masa jinya."

"Ba ko ɗaya."

Sai aka ji jan ƙafa. Matar ce ta fito tana dafa bango, kowane taku sai ta huta. Ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta dubi abin da 'yarta ke rungume da shi, wanda babu mai gani.

"Baiwar Allah," ta ce, tana haki, "ni ma na san zafin ɗa. Ki yafe masa. In rai kike so, ga nawa ya kusa. Sakar mini yarinya."

Jifan ya tsaya.

"Autana ba ya iya tafiya," in ji muryar, a hankali yanzu. "Akwai tsohuwar rijiya bayan gari, da sanyi. A kai mu."

"Ki fita daga jikinta tukuna," in ji malamin, "ki rantse ba ke ba gidan nan."

Ta rantse. Yarinyar ta yi atishawa uku, ta sulale, uwar ta tare kanta.

Makaniken ya ja motar, malamin a gefensa. Ya sa ta a ƙaramar giya, yana bin ramuka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A bakin rijiyar ya buɗe ƙofofi da but, ya yi bisimilla, ya juya baya. Ya ji ƙarfen motar yana ƙara kaɗan-kaɗan, sau goma sha biyu, na ƙarshen a hankali. Da ya waiwaya, bayanta ya miƙe.

Kafin isha'i sun isa asibiti da matar. Likitan ya dubi matar, ya yi wa makaniken faɗan da bai taɓa sha ba. Aka jona ta da na'ura. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon, baƙin mai har gwiwar hannu, yana kallon jininta yana zagayawa a cikin roba.

Can numfashinta ya fara daidaita. Ta buɗe ido ta neme shi.

"Da kuka sauke su," ta ce, "ka yi wa yaron nata sannu?"

Ya kifa kansa a gefen gadon ya fashe da kuka.