Dodon da Ke Ƙarƙashin Ƙwarya

A wani gari can a zamanin da, an yi wata yarinya, Kuluwa, gwanar shirya wasan tafiya. Takan zana kogi da kasuwa a kan rairayi, ta kife ƙwarya ta ce kogo ne. Kowane yaro ya riƙe tsakuwa a matsayin matafiyinsa, ya faɗi inda ya nufa, ita kuma ta faɗi abin da ya same shi.

Wata rana ta gina dodon yumɓu mai haƙoran ƙaya, ta ɓoye shi ƙarƙashin ƙwaryar, tana ɗokin a shiga kogo.

Ƙanenta Tanko ya ce, "Kogi zan bi."

Ta ce, "Hanyar nan a toshe take."

Ƙanwarta Ladidi ta ce, "To, ni kasuwa za ni."

"Ita ma a toshe take."

Duk inda suka nufa a toshe yake, sai hanyar kogo. Ladidi ta kwashe tsakuwoyin ta zuba mata a hannu.

"Ungo, Yaya. Ki yi mana tafiyar, in kin dawo kya ba mu labari."

Suka bar ta. Kuluwa ta kai tsakuwoyin kogo ita kaɗai, ta buɗe ƙwarya, ta yi rurin dodo. Ba wanda ya razana.

Washegari da ƙyar suka yarda suka zauna. Tanko ya ce, "Kogi zan bi."

Kuluwa ta dubi ƙwaryar, sannan ta ɗauko ɓawon gyaɗa ta ɗora a kan kogin.

Ta ce, "Ga kwalekwale. Ina muka nufa?"