Ihun Khalida

"Ba zan goge ba."

Khalida ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba, tafin hannunta a kan salularta. Musbahu, wanda aka kusa ɗaura musu aure, yana tsaye a ƙofar kantin mahaifinta da farin siminti har gira, don daga wajen gini ya taho.

"Sanyin idona, bidiyo ne fa kawai..."

"In kawai ne, me ya sa za a fasa aure a kansa?"

Ya sa hannu ya share simintin goshinsa.

Abin ya samo asali ne tun shekarar da mahaifiyarta ta rasu. Khalida ta daina magana sai dole, abinci ma sai an yi da gaske. Alhaji Tahiru, ɗan Damagaram da ya daɗe yana sayar da atamfa a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya tafi da ita arewa saro kaya. A Setif ya kai ta filin wasa, suka shiga jirgin lilo, irin mai gudu a kan dogo, wanda ke hawa sama a hankali sannan ya sako mutum ƙasa kamar an jefo shi. Da ya gangaro ta ƙwala ihun da ta kasa yi ranar jana'iza. Ta sauko tana kuka tana dariya, ta ce wa babanta yunwa take ji.

Tun daga nan, duk garin da sari ya kai su sai ta nemi nasu ta hau. Bana ta haɗa hotunan a bidiyo ɗaya ta yi wa ƙawayenta bayani a ciki. Na Setif, in ji ta, yana girgiza mutum har haƙarƙari, amma gangararsa ba ta da na biyu. Na Aljer santsi gare shi, ya dace da matsorata. Na Oran kuwa kifa ka yake yi kai ƙasa ƙafa sama, kafin ka gama salati ya tsaya. Ga ta nan a ciki baki buɗe, hijabi na kaɗawa, babanta a gefe ya runtse ido.

Laure ce ta kai bidiyon inda bai kamata ba. 'Yar ƙanen baban Musbahu ce, wadda aka so haɗa su ya ƙi. Ta yanke Alhaji daga hoton, ta bar ihun, ta aika wa mahaifiyar Musbahu a Maraɗi, ta ce ga yarinyar nan tana yawon birane ita kaɗai. Inna ta kira ɗanta ta yanke hukunci: ko a goge a nemi gafarar dangi, ko a dawo musu da kayansu.

Musbahu ya rantse wa Khalida ya san gaskiya, amma Inna uwa ce.

"Duk ranar da na yi wa Inna laifi zan durƙusa," in ji Khalida. "Amma in na goge wannan, na yarda ke nan ni ce wadda Laure ta faɗa. Ka je ka yi tunani, Musbahu. Ka san wadda kake son aura."

Ya juya ya tafi.

Washegari ba a gan shi wajen aiki ba, salularsa a kashe. 'Yan kasuwa suka riƙa zuwa suna ba Alhaji shawara ya tanƙwara 'yarsa tun kafin ta rasa miji. Ya ce shi ya sa ta a jirgin da hannunsa, mai neman wanda zai ba da haƙuri ya zo gare shi. Khalida kuwa tana ninke atamfa hawaye na ɗiga, in mai saye ya shigo ta share. Har Laure ta zo sayen turmi tana murmushi. Khalida ta ɗauko mata, ta naɗe, ta miƙa, ba ta kau da ido ba har sai da Laure ta kau da nata.

Sai da aka fara cewa Musbahu ya gudu sannan ya dawo, ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsattsage. Ashe Maraɗi ya je, ta Arlit da Agadas, shi da takardunsa ba su cika ba, bai ma san ko zai samu sake shigowa Aljeriya ba. Ya nuna wa Inna bidiyon cikakke, ya gaya mata labarin rasuwar mahaifiyar Khalida. Ta gani, ta ce duk da haka ba ta son surukar da duniya ta ga cikin maƙogwaronta.

"Sai ka ce me?" in ji Khalida.

"Na ce ba zan saɓa mata ba. In ta hana, na haƙura. Amma ta sani zan tsufa ba mata, don ba zan kawo mata wata ba." Ya sauke numfashi. "Ta ce mu je mu yi, ita dai ba za ta zo ba."

Khalida ta rufe fuska da gefen hijabinta.

"Ka yi baƙi, masoyina..."

"Za ki aure ni a haka?"

Aka ɗaura bayan Sallah, Inna ba ta zo ba. Kowace Juma'a Khalida na kiranta ta gaishe ta, ta tambayi ƙafarta, ta tambayi gida. Har yau amsar ba ta wuce "lafiya" ba. Khalida ba ta fasa kira ba, ba ta kuma goge ba.