Akwatin Marigayiya

Da hantsi aka kira Sufeto zuwa wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan layin masu gyaran waya. An sace laftof ɗin injiniyar da aka ɗauko don ta mayar da shafin intanet na maɗaba'ar zuwa sabon kamfanin masauki, wato kamfanin da ke ɗauke da shafuka a intanet.

Mai maɗaba'ar, mace mai matsakaicin shekaru, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, tsohon kamfanin da ke ɗauke da shafinmu zai rufe ƙarshen makon nan. Duk aikin da ake kawo mana ta shafin yake shigowa. In ba mu ƙaura ba, mun rufe tare da su."

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a fasa ba. Sabuwar kwamfutar teburin karɓar baƙi tana nan, ko matsar da ita ba a yi ba.

"Su wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da Malam, mijin yayata marigayiya. Ita ta kafa wurin nan. Shi ke duba mana rubutu kafin a buga."

Ya sami injiniyar zaune a kan tarin takardu, ranta a ɓace.

"Me ke cikin laftof ɗin da ya fi na teburin can daraja?"

"Daraja? Yallaɓai, sai ka lallashe shi kafin ya kunnu. Amma kalmomin sirrin ƙaurar duk a ciki suke. Da wayata zan iya leƙa tsohon masaukin, ba zan iya kwashe komai ba."

"Me kuka tattauna jiya?"

"Akwatunan imel. Na tambayi Anti mai maɗaba'ar ko a tafi da na marigayiya, ta ce a bar shi, ya tafi da tsohon kamfanin. Da zarar mun ƙaura, akwatin ya daina aiki ke nan."

"A gaban wa?"

"Mu uku ne a ɗakin: ni da ita da Malam."

Malam yana ɗakin ciki, dattijo ne siriri, jan biro a hannunsa, yana bin layi da yatsa.

"Ina ka nufa bayan an tashi jiya?"

"Gida. Ba ni da wani wurin zuwa."

"Kana amfani da imel?"

"Ni? Takarda na sani da biro. Wayata ma ta gaisuwa ce kawai."

Ya faɗi haka ba tare da ya ɗago ba. Sufeto ya daɗe a aikin nan har ya san ƙaryar mai tsoro da ƙaryar mai kunya, ya kuma san wadda ta fi nauyin tonawa. Ya koma wurin injiniya.

"Leƙa mini akwatin marigayiyar. Kada ki buɗe saƙo, ki gaya mini abin da kika gani kawai."

Ta latsa wayar, sai fuskarta ta canza.

"Saƙo yana shigowa kowace safiya. Har yau ya shigo. Daga adireshi ɗaya, da sunan Malam." Ta ƙara latsa wayar. "Kuma akwatin yana amsawa. Marigayiyar ta saka amsa mai fita da kanta kafin a kwantar da ita asibiti, babu wanda ya kashe."

Sufeto ya karɓi wayar ya karanta. Layi biyu ne: "Na ga saƙonka. Ba na kusa yanzu, amma zan amsa da zarar na dawo, in Allah ya yarda."

Ya tsaya da wayar a hannu fiye da yadda aiki ya buƙata. Sannan ya shiga ɗakin ciki, ya ajiye ta a kan takardar da Malam ke dubawa.

Dattijon ya rufe bironsa a hankali.

"Laftof ɗin yana ƙarƙashin gadona, na naɗe shi da zane. Ko kunna shi ban yi ba."

"Ka san kamfanin zai rufe, ko da laftof ko babu?"

"Na sani. Kwanakin da suka rage nake so a bar mini."

Mai maɗaba'ar, wadda ke tsaye a ƙofa, ta fashe da kuka. "Haba Malam! Me ya hana ka faɗa mini? Ranka ya daɗe, na janye ƙarar."

"An riga an shigar da ita, sai dai ki zo ofis ki janye," in ji Sufeto. Maganar ta yi masa ɗaci a baki. "Malam, tashi mu je mu ɗauko kayan."

Injiniya ta biyo su har bakin mota. "Baba, da ka tambaye ni ai. Zan buɗe akwati mai irin sunan a sabon masaukin, in sake rubuta amsar harafi da harafi. Ba za ka ga bambanci ba."

Malam ya dube ta da tausayi, kamar ita ce aka yi wa rashin.

"Na gode, 'yata. Amma in kika rubuta, ke ce za ki riƙa amsa mini."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya buɗe masa ƙofar gaba.