Matar da Ta Tare Ƙofar Majinyaci

A wani gari, tun ba a san asibiti ba, zazzaɓi ya kwantar da wani maƙeri. Matarsa kuwa kunya gare ta, ba ta iya cewa a'a.

Masu dubiya suka cika ɗaki, aka toshe taga, aka turnuƙe shi da hayaƙi. Gwaggonsa ta kawo jiƙon saiwa. Matar ta karɓa, ta yi godiya, ta ɗura masa. Wanzami ya kawo tsimi. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ɗura masa. Kwana uku, maƙeri ko kai ba ya ɗagawa, sai amai.

Ya kama hannunta ya ce, "Ke baiwar Allah, in ciwon ya bar ni, 'yan sannu za su ƙarasa ni."

Sai ta buɗe taga, ta goge masa jiki da tsumma mai danshi, ta riƙa ba shi tafasasshen ruwa da kunu kaɗan-kaɗan. Sannan ta kifa turmi a bakin ƙofa ta zauna.

"Yana barci, Gwaggo. Ajiye maganin a nan."

"Iye! Ni za a hana ganin ɗana? Mara kunya!"

"Na ji, Gwaggo. Yana barci."

Bayan mako guda maƙeri ya fito yana neman tuwo. Gwaggo ta ce saiwarta ce, wanzami ya ce tsiminsa ne, har suka nemi dambe.

Matar ta kai su bayan ɗaki, ta nuna musu wata gwanda da ta bushe ƙayau.

"Ga wadda ta sha magungunanku nan. Ku yi mata sannu."