Lambar Birki

Ana kiran magariba garejin unguwar masana'antu ta Sana'iyya ya watse, sai Tamimu bakanike kaɗai, yana gwada lambar birkin tsohuwar motar sojan da kafilinsa, wato ubangidansa, ya saya da ta littafin motar.

"Wace shekara?" in ji wata murya daga kujerar direba. Dattijo ne cikin kaki, yana warin ƙonanniyar taya.

"Motar ta sittin da takwas ce, Baba. Birkin kuwa na ƙaramar mota ne, ƙirar saba'in da huɗu."

"Shekarar da kafilinka ke gyara mana ita ke nan. Gobe zai tuƙa, ko? Kana da 'ya, kada ka shiga."

Tamimu ya leƙa. Ƙafar dattijon, ƙashi zalla, tana ta taka birki.