Kunnen Auta

"Ɗan ja ɗankwalin ƙasa kaɗan, Auta. Ana hango shi."

Auta ta tsaya gaban madubi tana kallon mijinta ta ciki. Wata takwas da aurensu, yau ne karo na farko da ta ji yana mata raɗa a cikin ɗakinsu kamar ɓarawo. Gyaran waya ne sana'arsa, kowa Injiniya yake ce masa, ita ma haka take kiransa in tsokana ta motsa.

"Injiniya, kunne ne fa, ba kayan sata ba!"

"Na sani. Sati biyu ne kawai, Mama ta gama ganin likitan gwiwa su koma. Filis."

Kwana goma kafin nan Auta ta ci jarrabawar ƙarshe ta makarantar koyon malanta, ta ce kyautar da za ta yi wa kanta ita ce huda a saman kunnen dama, can kan guringuntsi. Shi da kansa ya goya ta a babur zuwa shagon mai huda. Matar ta sa safar hannu, ta ɗiga alama da biro, ta fasa sabuwar allura daga leda a gabansu. Auta ta runtse ido ta damƙe hannunsa, shi kuwa sai washe baki yake yana cewa ya yi mata kyau.

"Nan ba kamar ƙasan kunne ba ne," in ji mai hudar. "Yakan kai wata shida ko fiye bai warke ba. Ruwan gishiri safe da yamma. Kada ki juya shi, kada ki kwanta a kansa, kada ki matse shi da komai. In ya kumbura ya yi ruwa, kada ki cire da kanki, asibiti za ki."

Sai ga shi mutumin da ya ji wannan bayani da kunnensa shi ne ke cewa a matse. Auta ta yi tsaki a ranta, amma so ya sa ta ja ɗankwalin ta ƙulle tamau.

Mama, mahaifiyarsa, ta iso tare da yayarsa, wadda duk dangi ke kira Anti Babba, mace mai ido a kan komai, daga ƙurar saman firji har tsawon farcen matar ƙaninta. Tun safe har magariba kunnen na cikin ɗauri da gumi. Wankin kunnen ma sai a sace, a banɗaki, cikin sauri, wata rana ma ya wuce. A kwana na shida da zuwansu ya fara zugi. A na tara ya yi ja, ya haye, ko iska ta taɓa shi sai Auta ta ciji leɓe.

Ranar tana kicin tana suya, zafi ya ishe ta, ta sassauta ɗankwalin don kunnen ya sha iska. Daidai nan Anti Babba ta leƙo neman cokali.

"Me zan gani haka? Mama! Mama, zo ki ga abin da ake ɓoye mana!"

Da yamma aka zauna a falo, Injiniya ya dawo daga shago ko takalmi bai cire ba.

"A gidanmu ba a taɓa yin wannan ba," in ji Anti Babba. "Huda a sama kamar 'yar rawa! Malama za ki zama a haka? Ga shi ma ya ruɓe, alhaki ne!"

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ɗanta ta kalla.

"Kai, da saninka aka yi?"

Injiniya ya dubi tayil ɗin ƙasa. "Ni... ni ma yanzu nake gani, Mama."

Wallahi zugin kunnen bai kai rabin abin da Auta ta ji a ƙirjinta ba. Hawaye suka cika mata ido, amma ta ƙi bari su zubo a gaban Anti. Kalma ɗaya ta isa ta tona shi. Ta haɗiye ta.

Anti Babba ta zaro kwalbar man zafi daga jaka. "Matso in cire miki wannan ƙarfen in shafa miki, gobe ya sace."

"Ba zan cire ba, Anti."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan cire ba. In aka cire yanzu bakin zai rufe, ruwan ya taru a ciki. Kuma ko da lafiya ƙalau yake, kunnena ne."

"To ko ki cire, ko ki tattara ki tafi gidanku!"

"Ba zan cire ba, ba kuma inda za ni. Nan ne gidana." Ta kwance ɗankwalin gaba ɗaya, ta ninke shi ta ajiye a hannun kujera. "Mama, ki yi haƙuri, ɓoyewar da na yi ita ce kuskurena. Daga yau na daina."

Washegari ta tafi asibiti ita kaɗai. Nas ta haska fitila ta duba, ta girgiza kai.

"Wa ya ce ki riƙa ɗaure shi? Allah ya taimake ki ba ki cire ba, da sai an tsaga. Ga magani, ki shanye duka ko kin ji sauƙi. In zazzaɓi ya zo, ki dawo a ranar."

Kwana uku Auta na yawo a gidanta da kunne a buɗe. Ta dafa, ta share, ta gasa wa Mama gwiwa da ruwan ɗumi, ta gaida Anti duk da ba ta amsawa. Safe da yamma ta zauna a tsakiyar falo da ɗan kofinta na ruwan gishiri da auduga, kowa na gani. Injiniya kuwa gaisuwa kawai yake samu, abinci ma ya daina wuce masa. A rana ta uku ya bi ta ɗaki ya turo ƙofa.

"Auta, sori. Tsoro ne ya kama ni. Don Allah..."

"Ba a ɗaki ka ƙi ni ba, Injiniya. A falo ne. Can za ka kai sorinka."

Ya buɗe ƙofar ya fita. Tana jin takunsa, tana jin lokacin da ya durƙusa gaban Mama.

"Mama, ƙarya na yi. Ni na kai ta. Ni na ce ta ɓoye, shi ya sa ya kumbura. Kuma ina son abin a kunnenta."

"Ka ji min shanyayye!" in ji Anti Babba.

"Ke, rufe min baki," in ji Mama. Ta juya ga ɗanta. "Ni na haife ka, ka ɗauka ban san fuskarka ta ƙarya ba? Jira nake in ga kwana nawa za ka bar 'yar mutane ta ɗauki laifin mutum biyu ita kaɗai. Uku! Ka ba ni kunya. Hudar nan har yanzu ba ta burge ni ba, kada ku ɗauka na canza. Amma yarinyar da ta rufa maka asiri kana tsaye kana ƙaryata ta, ba ni zan raba ka da ita a kan ɗan kunne ba."

A nan ne Auta ta bar hawayen suka zubo, tana jingine da ƙofa.

Sai da kunnen ya cinye wata bakwai kafin ya warke sarai, kuma Injiniya ne ya riƙa haɗa ruwan gishirin kullum. Duk wanda ke son mace ya tsaya mata a gaban mutane, ba a bayan ƙofa kaɗai ba; mace kuma ta san haƙuri daban, sunkuyar da kai daban.

Amma tun can baya, ranar da su Mama za su koma, Anti Babba ta riga kowa shiga mota tana cika tana batsewa. Mama ta tsaya a ƙofa ta miƙa wa Auta wani ɗan matashi da ta ɗinka da hannunta, zagaye, da rami a tsakiya.

"Ki riƙa sa kunnen a ramin in za ki kwanta," ta ce, fuska a ɗaure. "Na ga kina juyawa dama in kin yi barcin rana. Tunda kin ƙi cirewa, ai sai ki bar shi ya warke."