Takarda Mai Ruwan Hoda

"Tawa fa? Tawa ina ta shiga?"

Auta ce ta tare ƙofa, hannu a ƙugu, tun kafin mijinta ya ajiye akwatin da ya rungumo. Shi ne sakataren kwamitin mazauna benen. A taronsu na wata-wata ba a tambaya da baki, sai dai ka rubuta ka jefa a akwati, shi kuma ya buɗe ya karanta.

"Lokaci ne ya ƙure, Autata..."

"Kullum a kan tawa yake ƙurewa! Amma ta Nas ɗin nan ta sama, mai takarda ruwan hoda, ita ce farko. Har gyaran murya kake mata!"

"Subhanallahi! Ni?"

"A'a, ni!"

Ya sosa ƙeya. "Ki fahimce ni. In na ɗauki ta gidana, cewa za a yi sakatare na son kai."

"To madalla. Ran da Mama ta sake faɗuwa a matakala, sai ka ɗaure mata ƙafar da adalcinka."

Daga ɗaki mahaifiyarsa ta ɗago murya. "Ku yi faɗanku, ku bar min ƙafata ta huta!"

Ba wani abu Auta ke nema ba, fitilar matakala ce ta mutu, ƙarfen dafawa kuma ya ɓalle. A nan Mama ta zame, kuma Auta ce ke gasa mata ƙafar safe da yamma. Abin da ya fi ƙona mata rai, ninkin kusurwa uku take wa takardarta, irin wanda take masa tun suna saurayi da budurwa. Da idonta take ganin ya gane ninkin, ya tura shi ƙasa da ɗan yatsa. Kishi kuwa, in ya samu wurin zama, ba ya jiran a ba shi tabarma.

Ana gobe taro ta hau sama ta ƙwanƙwasa wa Nas.

"Sista, ko za ki sam min takardarki mai ruwan hoda guda ɗaya?"

"Ɗauki biyu ma, ƙanwata."

Har murmushin matar sai da ya ba ta haushi. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ninke takardar gida biyu yadda Nas ke yi. A ranta ta ƙudurta, in dai ya fara da ita, gidan iyayenta za ta kwana.

Washegari da la'asar zauren ƙasa ya cika, kujerun roba sun yi layi, fanka na ta ƙara. Sakatare ya juye akwati a kan tebur. Idonsa ya zaga, hannunsa ya tafi kai tsaye kan ruwan hoda. Ya yi gyaran murya.

Daga layin baya Auta na kallonsa. Ashe dai da gaske ne!

Ya buɗe, ya ƙura mata ido. Rubutun da zai gane ko a cikin dubu ne.

"Karanta mana," in ji Shugaban kwamiti. "Wadda aka buɗe sai an karanta, kai ka kawo dokar."

Ya fara karantawa. "Yaushe za a gyara matakalar da ta kayar da uwar sakatare? Sannan... sannan wace kalar takarda matarsa za ta saya kafin ya ji muryarta?"

Wasu suka fara dariya, da suka ga hawaye a fuskar Auta sai dariyar ta maƙale. Nas ta miƙe zumbur, hannu a ƙirji.

"Wayyo ƙanwata! Wallahi ni na roƙe shi ya riƙa farawa da tawa, don in samu in kama aikin yamma!"

"Ba a magana da baki," in ji Shugaba, amma a hankali ya faɗa.

Sakatare ya tashi. Bai kalli kowa ba sai matarsa.

"Ta farko kwamiti zai amsa. Ta biyu tawa ce. Na ji tsoron bakin mutane, na bar uwata da ciwo, na bar matata da kuka. Autata, ba kalar da za ki saya. Ki yafe min, zuciyata..."

"A gaban mutane?" ta ce, tana share ido da gefen mayafi.

"A gabansu na tura takardarki ƙasa."

Kafin magariba an ari tsani, shi da kansa ya hau ya ɗaura ƙwan fitila, ita tana riƙe masa ƙafar tsanin. Mai walda ya yi alkawarin ƙarfe da safe.

"Na yafe," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma gyaran muryar nan fa, ban yafe ba."

Da wata ya zagayo, aka juye akwati. Sakatare ya karanta ta Nas ta wuce aikinta, ko tari bai yi ba. Sai ya ɗauko wata 'yar farar takarda mai kusurwa uku, ya ɗago ya dubi layin baya, ya yi gyaran murya har sau biyu.